Tabarau na kwali don kallon husufin rana: abin da muka gani bayan mun gwada shi da ɗalibanmu a Maraɗi

Da kuɗin ƙungiyar iyayen yara na sayi kwali guda na tabarau na kallon husufin rana, kuma tun da dukiyar jama'a aka kashe, na ga ya wajaba in rubuta abin da na tarar a jikin kayan, domin shugabannin makarantu da malaman da ke tunanin sayen irinsa su san abin da ke gabansu kafin su fitar da kuɗinsu. Ina shugabantar wata makarantar firamare a nan cikin Maraɗi, kuma abin da ya sa na tashi tsaye tun da wuri shi ne husufi biyu da ke tafe a shekarar 2027. Na farko zai faɗo ranar Asabar 6 ga Fabrairu, gab da faɗuwar rana, a ƙarshen watan Sha'aban. Na biyu zai zo ranar Litinin 2 ga Agusta da hantsi, ranar da duhu zai rufe garuruwa irin su Luksor ta Masar da Jidda da Makka, a Luksor ma har na tsawon fiye da minti 6. A duka biyun, mu a nan wani sashe ne kawai na rana wata zai rufe mana, kuma irin wannan husufin shi ne ya fi cutar da yara, domin babu wani lokaci a cikinsa, ko na ƙiftawar ido, da ya halatta a ɗaga kai a dubi rana kai tsaye.

Wanda duk ya mallaki hankalinsa a Maraɗi a shekarar 2006 ba zai manta da ranar Laraba 29 ga Maris ba. Inuwar wata ta taso daga Barazil, ta ƙetare teku, ta ratsa Gana da Togo da Benin, ta bi ta Gusau da Katsina, sannan ta rufe Maraɗi da Damagaram kafin ta nufi hamada. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe gari ya yi duhu kamar magariba ta yi, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika da masu sallar husufi. A lokacin ina sabon malami, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da na gani a hannun yara cikin awa guda kafin duhun. Wasu sun zo da fasasshen gilashi da suka turara da hayaƙin fitilar ƙwai har ya yi baƙi, wasu da tsohon hoton ƙashi na asibiti, wasu sun tara tabarau biyu na rana a fuska ɗaya, da yawa kuma sun durƙusa a kan kwanon ruwa suna leƙen rana a ciki, domin haka aka saba cewa shi ne hanyar da ba ta cutarwa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke kare ido, har da kwanon ruwan, domin hasken da ruwa ke maidowa ya fi ƙarfin abin da ido zai jure. Washegari wata yarinya 'yar ajina ta ce mini duk harafin da ta zuba wa ido a kan allo sai ya ɓace, tana ganin na gefensa amma shi kansa sai wani tabo mai toka-toka. Ta shafe watanni tana fama da karatu kafin abin ya lafa. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawarin cewa husufi ba zai sake samun makarantar da nake ciki ba shiri ba.

Ya kamata mai saye ya fahimci abin da tabarau ɗin yake karewa, domin da wannan ma'aunin ne za a auna shi. A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani wanda hoton duk abin da muke gani yake sauka a kansa, kuma ƙwayar ido tana tattara haske ta zuba shi a tsakiyar wannan tantani, wurin da muke karatu da gane fuskoki da shi. Idan aka zuba wa rana ido, hasken yana lalata ƙwayoyin gani na wannan wurin, kuma tantanin ba ya jin zafi, saboda haka yaro ba zai yi kuka ba, ba zai san an yi ɓarna ba sai bayan awanni ko washegari. A ranakun da muka saba, ƙyallin rana da kansa yake tilasta wa mutum ya kawar da kai. Ranar husufi kuwa ƙyallin yana raguwa, sha'awar kallo tana ƙaruwa, alhali ɗan siririn gefen ranar da ya rage yana da ƙarfinsa yadda yake. Idon yaro ya fi na babba garau, haske ya fi wucewa ta cikinsa, kuma likitoci ba su da wani magani tabbatacce na wannan raunin. Wasu suna warkewa a hankali cikin watanni, wasu kuma tabon yana zama har ƙarshen rayuwa.

Kayan sun iso mini ta hannun wani Alhaji mai shagon littattafai da kayan makaranta kusa da babbar kasuwa, wanda yake yin odar kaya daga waje. Kwalin yana ɗauke da guda 50, kowanne a cikin 'yar ledarsa, kuma bayan an haɗa kuɗin dako kowane ɗaya ya tashi a kan dala ɗari, wato sefa 500. Da na fara yi masa maganar sai ya ce, "Malam, ai ga tabarau nan cike da kasuwa, me zai kai ka ga na takarda?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a nemo mini mai wannan lambar, ko da zai ɗauki lokaci." Lambar da na rubuta masa ita ce ISO 12312-2, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta shekarar 2015 da ta tsara yadda matacin kallon rana kai tsaye zai kasance. Dole in yaba masa, domin bai kawo mini wani abu daban ya ce ai duk ɗaya ne ba. Ya jira har ya sami wanda ya dace, ya kuma nuna mini takardar shaidar gwaji da kamfanin ya haɗo da ita.

Idan ka riƙe shi a hannu za ka raina shi. Kwali ne marar nauyi da aka yanka siffar tabarau, yana da hannuwa biyu da ake lanƙwasawa su hau kunne, a tsakiya kuma tagogi biyu da aka liƙa wa wata baƙar leda mai kauri kaɗan. Duk darajarsa tana cikin wannan ledar. Ƙa'idar ta ce hasken da zai wuce ta cikinta kada ya zarce wajen kashi ɗaya cikin 30,000 na abin da ya sauka a kanta, sannan ta tare nau'o'in hasken da ido ba ya gani amma suke yi masa illa. Tabarau na rana da muke sayowa a kasuwa, komai baƙinsa, yana barin hasken da ya ninka wannan sau dubbai. A cikin hannun tabarau ɗin namu an buga lambar ƙa'idar, da sunan kamfanin da adireshinsa, da bayanin yadda ake amfani da shi, kuma duk wanda aka kawo maka babu suna babu adireshi, mayar da shi shi ne daidai.

Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, duka hamsin ɗin, ni da malamai biyu. A cikin ofis, da na sa shi, ban ga komai ba: babu tebur, babu taga, babu hannuna da na ɗaga a gaban fuskata. Na kunna fitilar wayata na kawo ta daf da ledar, sai na hango wani ɗan ɗigo dishi-dishi da ƙyar. Na fita fili da azahar, nan ma babu bango, babu itace, babu ƙasa, har sai da na ɗaga kai, sannan rana ta bayyana, 'yar ƙaramar ƙwallo mai launin lemo, gefenta a yanke tsaf, kewaye da baƙin sarari, ba ta kashe ido ko kaɗan. Na daɗe ina koyar da cewa rana kewayayya ce, amma ran nan ne na fara ganin hakan cikin natsuwa, kuma na lura cewa ta fi ƙanƙanta sosai a kan yadda ƙyallinta yake sa mutum ya zata. Guda biyu daga cikin hamsin ɗin mun ajiye su gefe mun yayyaga, ɗaya saboda ledarsa ta ɗago daga kwalin a kusurwa, ɗayan kuma saboda wani ɗan karce da muka gani da muka haska shi. Arba'in da takwas sun fita lafiya.

Akwai iyakar abin da wannan gwajin zai iya nunawa, kuma ba na son kowa ya ɗauke shi fiye da matsayinsa. Gwajin ofis yana fallasa na banza, domin duk tabarau da ka ga kujera ko fuskar mutum ta cikinsa ba na husufi ba ne. Amma ba ya tabbatar da na ƙwarai, tun da hasken da ido ba ya gani sai na'urar ɗakin gwaji ce take auna shi. Lambar da aka buga ma kowa zai iya buga ta. A shekarar 2017, gab da husufin 21 ga Agusta a Amurka, kamfanin Amazon ya mayar wa masu saye kuɗin wasu tabarau da ya kasa tabbatar da ingancinsu. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka tana da jerin sunayen kamfanonin da ta bincika a shafinta na intanet, kuma na duba na ga sunan wanda ya yi namu a ciki kafin in biya Alhaji cikon kuɗinsa. Ina tsoron abin da zai faru idan lokaci ya matso, sa'ad da za a cika tasha da bakin kasuwa da kaya iri-iri masu tallar cewa na husufi ne. Wani malaminmu ya riga ya kawo mini irin na roba mai kyan gani da aka sayar masa da wannan sunan, na sa shi a cikin aji, na karanta kwanan watan da ke kan allo daga inda nake tsaye.

Babban aibin kayan ya fito ne ranar da muka kai su ga yara. An yanka su daidai fuskar babban mutum. A fuskar 'yan manyan aji, wato CM1 da CM2, suna zama da dama-dama, amma a fuskar 'yan ƙananan aji, wato CI da CP, hannuwan suna wuce kunne, tabarau ɗin yana zamewa kan hanci, sai a sami rata a sama da gefe, kuma yaro ɗan shekara shida da ya ga duhu ya rufe masa ido, abu na farko da zai yi shi ne ya leƙa ta wannan ratar. Na tsaya a bayan wani yaro ina kallonsa: ya sa, ya ɗaga kai, bai sami rana nan take ba, sai ya sa yatsa ya ja tabarau ɗin ƙasa don ya nemo ta da idonsa tukuna. Na dafa kansa na sunkuyar da shi kafin ya kai ga hakan. Babu mugunta ko taurin kai a abin da ya yi, duk wanda aka rufe wa ido haka zai nema, amma wannan daƙiƙar ita ce duk haɗarin. Ga 'yan mata masu hijabi kuma hannun kwalin ba ya samun kunnen da zai kama, sai dai a riƙe shi da hannu biyu. Mun magance wannan da abu mai sauƙi. Mun yanka kwalaye masu faɗi kamar faifai, muka huda taga a tsakiya, muka liƙa tabarau ɗin a kai da gam da salatif ba tare da mun taɓa ledar ba, ya zama kamar garkuwar da ke rufe fuska gaba ɗaya, yaro yana riƙe ta a gefe biyu. Da wannan ratar ta toshe, hannuwansa ma duka sun sami aikin yi.

Sauran aibobin ba su kai wannan ba. Bayanin da ke jiki da Turanci aka rubuta shi, da ƙananan haruffa, babu Faransanci balle Hausa, sai da muka fassara shi muka rubuta a kan allo. Kwalin ba ya son gumi, bayan yara uku ko huɗu sun yi amfani da guda ɗaya sai wurin hanci ya fara laushi. Ƙurar garin nan kuma abokiyar gabarsa ce, domin wanda ya goge ledar da bakin riga zai karce ta. Ledar ba ta lalacewa don daɗewa kawai idan ba ta huje ko ta karce ba, saboda haka ajiya ce za ta yanke hukuncin ko za su kai husufin 20 ga Maris 2034, wanda duhunsa zai ratsa kudancin Najeriya da Kamaru da Chadi, kuma shi ma ranar Litinin ce, ranar makaranta.

Akwai wanda ya ba ni shawarar in bar wannan wahalar in je wurin masu walda in karɓo gilashinsu. Gilashin walda mai lamba 14 yana kare ido, wannan gaskiya ne, amma yawancin wanda ake aiki da shi a garejojinmu bai kai wannan duhun ba, kuma sau da yawa lambar ta goge ko ba a taɓa rubuta ta ba, saboda haka ban yarda a kawo shi makaranta ba. Haka kuma na hana malamai ɗora tabarau ɗin a ido sannan su leƙa ta madubin hangen nesa ko kyamara, domin waɗannan suna tattara haske ya huda ledar nan take. Masu son ɗaukar hoto da waya su ma na ja musu kunne, tun da mai saita waya a kan rana idonsa yana bin hannunsa.

Hukuncina shi ne kayan suna da kyau, sun cancanci kuɗinsu, kuma ina ba kowace makaranta shawarar ta mallake su, amma ba na ba da shawarar a saya wa kowane yaro nasa a raba a sallame su. Aji mai yara sittin ko saba'in da malami ɗaya, kowa da tabarau a hannu, babu idon da zai iya tsare su duka. Abin da muka gwada ya yi aiki shi ne a fito da yara goma-goma, su tsaya a layi sun juya wa rana baya, babba ɗaya yana kula da yara biyar. Umarni huɗu ne, muka maimaita su har suka zauna: a sunkuya, a rufe fuska, a juyo a ɗaga kai, sannan a sunkuya kafin a sauke. Kowane rukuni yana kallo na ɗan lokaci ya koma inuwa, a duba ledar, a miƙa wa na gaba. Da wannan tsarin guda ashirin sun ishi makaranta guda, domin husufin sashe yana ɗaukar lokaci mai tsawo, babu dalilin gaggawa. Wasu abokan aikina suna ganin a kulle yara a aji a rufe tagogi shi ne mafi aminci, kuma na fahimci tsoronsu. Sai dai na ga abin da hani ba tare da bayani ba yake haifarwa, yaron da aka ce kada ya duba shi ne yake fakar ido ya leƙa ta taga, kuma yawancin azuzuwanmu na zana ba su da abin rufewa ma.

Ga 'yan ƙananan aji na fi son hanyar da ba a ɗaga kai sam. Duk ƙaramar huda da hasken rana ya bi ta cikinta tana zana hoton ranar a ƙasa. Matsamin ƙosai, ko malafa mai saƙa sako-sako, ko takardar da aka huda da allura, idan aka riƙe su sama da farar takarda, mutum yana juya wa rana baya, kowane ɗigon haske zai koma siffar jinjirin wata a lokacin husufi. Inuwar itacen dogon yaro da ke tsakar makaranta ma haka za ta yi, ƙasa ta cika da ɗaruruwan 'yan lauje, haka ma hasken da ke ratsowa ta zanar aji. Abin da za a nanata wa yaro shi ne ƙasa ake kallo, ba a leƙen rana ta cikin hudar. Na kuma yi magana da limamin unguwarmu, ya ce zai tuna wa jama'a cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, kuma Annabi ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya yi umarni da salla da addu'a. Yaron da yake cikin sahu a masallaci idonsa yana wurin sujada.

Abin da har yanzu yake hana ni sakewa shi ne duka husufin biyu na 2027 za su sami yaranmu a wajen makaranta. Na Agusta zai zo cikin babban hutu, tsakiyar damina, yara suna gona ko kiwo ko makarantar allo, kuma gajimare marar kauri yana rage ƙyallin rana ba tare da ya kare ido ba. Na Fabrairu kuwa yammacin Asabar ne, lokacin hazo, sa'ad da rana take zama kamar farin faranti a yamma har mutum ya ji zai iya zuba mata ido, ga jama'a kuma hankalinsu yana wannan ɓangaren saboda neman watan azumi. Saboda haka mun yanke shawara da ƙungiyar iyaye cewa za a buɗe makaranta a ranakun biyu, malamai su zo, a gayyaci yaran unguwa har da waɗanda ba ɗalibanmu ba. Guda ashirin za su zauna a wurinmu. Sauran ashirin da takwas za mu raba su ga malaman makarantun allo uku da ke kewaye da mu, bayan mun zauna da su da manyan almajiransu sun koyi umarnin nan huɗu. A yanzu dai suna cikin ledojinsu, a shimfiɗe tsakanin shafukan tsohuwar rajista, a cikin akwatin ƙarfe na ofis inda ƙura da gara ba sa kai wa, kuma mun sa ranar da za mu sake fito da su mu haska kowanne da fitila, mako biyu kafin 6 ga Fabrairu.